Yadda Ahmadu Kuruma Ya Sa Faransanci Ya Yi Magana da Bakin Fatake

  Ga bayanin da muka gabatar a wannan mako, mun sa shi a takarda domin wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji amma yana son ya maimaita.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ko ta Maigatari, ko ya tsallaka daga Jibiya zuwa Maraɗi, ya san yadda baki ke juyawa a wuni ɗaya. Da Hausa za a gaisa, a yi cinikin sa rabi da Fillanci, a ƙirga kuɗi da dala da jika, in an iso shingen duwan a ɗan taɓa Faransanci, in an koma ɗaya gefen a kira ɗan kwastan oga. Ba mai cewa an ɓata harshe. Ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. To amma ranar da aka ce wannan baki na kasuwa zai shiga littafi, a nan ake samun gardama. Yau tarihin wani mutum za mu ba ku wanda ya shigar da shi, aka ƙi karɓar littafinsa, daga baya kuma littafin ya zama abin karantarwa a makarantun ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Sunansa Ahmadu Kuruma, a rubutun Faransanci Ahmadou Kourouma. Mutumin Kodibuwa ne, ɗan ƙabilar Malinke.

Mutanen goro da iyakokin 1960

Kafin mu kai ga littafin, sai mun san mutanen da marubucin ya fito daga cikinsu. Malinke jikokin daular Mali ne, wadda Sunjata Keita ya kafa a ƙarni na 13. Yau suna zaune a Gini da Mali da arewacin Kodibuwa, har zuwa Senegal da Gambiya. Sun yi suna da fatauci tun fil azal, har kalmar jula da ake kiran wasunsu da ita, a harshensu ɗan kasuwa take nufi. Su ke ɗauko goro daga kurmi su yi arewa da shi, su sauko da gishiri da shanu da tufafi. Kuma ba baƙinmu ba ne. Danginsu ne littafin tarihin Kano ke kira Wangarawa, waɗanda ya ce sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Fataken Hausa da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da su suke haɗuwa a kasuwar Salaga. Goron ma kusan suna ɗaya muke kiransa, mu mu ce goro, su su ce woro.

Faransa ta mamaye ƙasarsu a ƙarshen ƙarni na 19, bayan doguwar fafatawa da Samori Ture, wanda aka kama a 1898 aka kai shi Gabon, ya rasu can a 1900. Mulkin mallaka ya zo da haraji da aikin tilas, ya kuma danne manyan fatake a ƙarƙashin kamfanonin Turawa. Amma akwai abu guda da ya bari. Yankuna takwas na Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da Nijar, duk gwamna ɗaya ke riƙe da su daga Dakar, kuma kuɗinsu ɗaya. Bafatake na iya ɗaukar kaya daga Bamako ya kai Kankan ko Buwake bai fita daga ƙasa ba.

Sai zamanin 'yancin kai ya zo. A 1958 Gini, ƙarƙashin Seku Ture, ta ƙi zama cikin tarayyar da Janar De Gol ya kawo, ta ɓalle. A 1960 sauran suka bi, Kodibuwa a watan Agusta, Mali a watan Satumba. Gini ta bar kuɗin sefa ta buga nata a 1960. Mali ta yi haka a 1962, har 'yan kasuwar Bamako suka fito zanga-zanga aka kama wasu. Hanyar da kakanni suka bi da jakuna, yanzu ta koma shinge da tuta da takarda, kowane gefe da kuɗinsa da dokarsa. Wanda ya ga abin da rufe iyakar Najeriya da Nijar ya yi wa kasuwanni a 2019, ko a 2023, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ku riƙe wannan a rai, domin a kansa labarin ya tsaya.

Lakwal da harshen gida

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne irin karatun da Faransa ta shimfiɗa. A lakwal ɗinta Faransanci kaɗai ake yi tun daga aji ɗaya. Dattawan da suka yi karatu a wancan lokaci suna tuna wani abu da ake kira sambol, guntun katako ko ƙashi ko wani tarkace, da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu. Shi ma sai ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa. Wanda abin ya kwana a hannunsa shi ke shan hukunci. Yaro na tashi da sanin cewa harshen uwarsa na gida ne da kasuwa, harshen littafi kuwa na mushe ne.

Shi ya sa marubutan farko suka yi ta ƙoƙarin nuna cewa sun iya Faransanci kamar 'yan Paris. Misali shi ne Kamara Laye, shi ma ɗan Malinke daga garin Kurusa a Gini, wanda ya fitar da littafinsa L'Enfant noir a 1953, labarin ƙuruciyarsa a gidan mahaifinsa maƙeri. Littafi ne mai daɗi, Faransancinsa tsaf kamar an wanke an goge. Amma in ka saurara da kyau, maƙerin da matarsa da maƙwabtansu duk da muryar ɗan makaranta suke magana. Abin da ake faɗa na Malinke ne, bakin da ke faɗa kuwa na Faransa.

An haifi Ahmadu Kuruma a 1927 a yankin Bunjali, arewacin Kodibuwa. Kawunsa ne ya rene shi, wanda ma'aikacin asibiti ne kuma maharbi, don haka ya tashi yana jin kirarin maharba da waƙoƙin maroƙa. Ya yi karatu a Bamako, aka kore shi saboda boren ɗalibai, aka sa shi soja. Da aka ce su je su murƙushe masu neman 'yanci ya ƙi, sai aka tura shi yaƙin Indocina, ya yi shekaru can har 1954. Bayan ya dawo ya wuce Faransa, ya karanci lissafin inshora a birnin Liyon. Ku lura, mutumin lissafi ne, ba a sashen adabi ya yi karatu ba. Ya koma gida bayan samun 'yancin kai, ya kama aiki.

A 1963 shugaban ƙasa Ufuwet Buwanyi ya ce an ƙulla masa makirci, aka yi ta kame, ministoci da manyan ma'aikata suka cika kurkuku. Daga baya shugaban da kansa ya yarda cewa makircin ƙage ne. Kuruma na cikin waɗanda aka kama. An sake shi ba da daɗewa ba, amma aiki ya gagare shi, abokansa kuma na tsare. Ya bar ƙasar, ya zauna a Aljeriya daga 1964 zuwa 1969. Wannan baƙin ciki ne ya sa shi ɗaukar alƙalami, domin ya ba da shaidar abin da ya gani.

Da ya gama littafin ya aika wa kamfanonin ɗab'i na Paris, suka ƙi. Babban abin da ya tsone musu ido shi ne harshen. A ganinsu wannan mutum bai iya Faransanci ba. Sai a Kanada aka karɓe shi. Wata mujallar jami'ar Monreyal ta ba shi lambar yabo, maɗaba'ar jami'ar ta buga shi a 1968. Da littafin ya yi suna, kamfanin Seuil na Paris, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi shi da farko, ya sake buga shi a 1970. Sunansa Les Soleils des indépendances.

Labarin Fama

Gwarzon littafin sunansa Fama Dumbuya, ɗan sarki ne, magajin ƙarshe na gidan sarautar wata ƙasa da ake kira Horodugu. A zamanin Turawa babban bafatake ne, ya san kasuwannin ƙasashe da dama. Ya tsani Faransawa, ya zuba dukiyarsa da ƙarfinsa a gwagwarmayar korarsu, yana sa ran in an samu mulki za a ba shi sakataren jam'iyya ko shugabancin ƙungiyar haɗin gwiwa. Amma bai yi lakwal ba, bai iya karatu da rubutun boko ba. Da aka raba ganima, abu biyu kawai ya samu, katin shaidar ɗan ƙasa da katin jam'iyya. Ƙungiyoyin gwamnati kuma suka karya fataucin da ya sani. Ɗan sarki ya koma bin addu'ar bakwai da ta arba'in a babban birni yana jiran rabon sadaka. Matarsa Salimata ce ke ci da gidan, tana tsallaka ruwa a kwalekwale tana sayar da abinci ga leburori, ga raɗaɗin rashin haihuwa, ga tabon kaciya da fyaɗen da aka yi mata tun tana yarinya.

Sai aka aiko cewa ɗan'uwansa da ke riƙe da sarautar ƙauyensu Togobala ya rasu. Fama ya hau mota. Ashe sabuwar iyaka ta raba Horodugu biyu, ƙauyen nasu ya faɗa cikin wata ƙasa mai bin gurguzu. A shingen aka tambaye shi kati, aka lissafa shi baƙo a ƙasar kakanninsa, ya yi ta zage-zage. Da ya koma birni aka kama shi cikin masu makirci, laifinsa wai ya yi mafarki game da wani minista bai kai rahoto ba. Aka yanke masa shekara 20, daga baya aka yi afuwa. Ya fito tsoho, jiki ya ƙare, ba abin da yake so sai ya mutu a gida. Ya iso iyaka ya tarar an rufe. Ya bi ta kan gada duk da haka, ya dira bakin kogi inda kadoji suke, yana da yaƙinin cewa kadan gargajiya ba zai taɓa magajin Dumbuya ba. Kada ya kama shi. A cikin motar asibiti ya cika, kafin a kai Togobala.

Abin da ya yi wa Faransanci

To mene ne a cikin harshen da har ya sa aka ƙi littafin? Mu fara da sunansa. In aka fassara shi kai tsaye, cewa ya yi ranakun 'yancin kai, amma kalmar da ya sa ita ce ta ranar da ke fitowa a sama, ya kuma jam'anta ta. A Faransanci wannan ba ya tafiya, domin rana ta sama guda ce, kuma sunanta daban da na wuni. A Malinkanci kuwa kalma ɗaya ce ke ɗaukar rana ta sama da wuni da zamani. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tun da mu ma muna cewa rana ta faɗi, mu ce ranar Laraba, mu ce kowa da ranarsa. Bafaranshe na ganin kuskure, Bamalinke na jin zamanin da ke ƙona ƙeya.

Haka ya bi littafin duka. Wurin ba da labarin mutuwa, bai ɗauki kalmar da Faransawa suka saba ba, ya ɗauki ta ƙarewa, domin haka Malinke ke faɗa, kamar yadda mu ke cewa wane ya cika. Makoki a wurinsa zaunar da shi ake yi, kamar zaman makokinmu. Salla kuwa da kalmar sunkuyawa yake faɗinta. Don ku gane yadda abin ke sauka a kunnen mushe, ku ɗauka wani ya rubuta da Faransanci cewa wane ya ci kasuwa, ya sha wahala, ya ci bashi, ya sha iska, kowace kalma a mazauninta na Hausa. Jan biro ne zai bi takardar daga sama har ƙasa. Amma duk wanda ya san Hausa, yana karantawa zai ji muryar mutumin garinsu.

Abin bai tsaya kan kalmomi ba. Mai ba da labarin ba ya ɓuya a bayan takarda kamar yadda aka saba a littattafan Turai. Yana fuskantar mai karatu kamar maroƙi a dandali, ya yi rantsuwa, ya yi tambaya, ya ba kansa amsa. Tun a shafin farko ya ba da labarin inuwar wani mamaci da ta tashi ta kama hanyar garinsu, ya faɗe shi a matsayin abin da ya faru, ya kuma rantse wa mai shakka. Misalansa daga daji suke fitowa. Kan gidan Dumbuya damisa ce, sai ga damisa ta koma cin mushe tare da ungulu da kura. Karin magana ko'ina, ashar kuma ba a cewa komai, domin Fama ba ya buɗe baki bai shegantar da zamani ba.

Kuruma ya sha bayyana dalilinsa a hirarrakin da aka yi da shi. Ya ce da Malinkanci yake tunanin labarin, kuma duk lokacin da ya sa Fama ya yi magana da Faransancin makaranta, sai mutumin ya mutu a hannunsa. A nan gishirin maganar yake, jama'a. Faransancin makaranta harshen wa ne a rayuwar Fama? Harshen ɗan duwan ne da ya tambaye shi kati, da alƙalin da ya ɗaure shi, da 'yan bokon da suka raba muƙamai suka bar shi. In da wannan harshe aka ba da labarinsa, da idon waɗannan mutane za mu gan shi, tsohon jahili mai roƙo, wanda bai gane cewa duniya ta canza ba. Da marubucin ya cusa Malinkanci cikin jimlolin, sai mai karatu ya koma cikin kan Fama. Daga can ciki, Horodugu ƙasa ɗaya ce, shingen ne baƙo. Mai karatu na Paris ma dole ya ɗanɗani zama baƙo a cikin harshensa na gado, ya yi tuntuɓe da kalmomin da ya zaci ya sani, kamar yadda Fama ya yi tuntuɓe da shinge a hanyar da ya zaci tasa ce.

Kada kuma a ɗauka littafin kirarin gargajiya ne. Bakin nan da ya shiga cikin Fama shi ne kuma ke yi masa dariya, yana tona girman kansa da lalacinsa da yadda yake cin gumin matarsa yana hura hanci. Shi ne ya kai mai karatu wurin da aka yi wa Salimata kaciya, ya nuna 'yan matan da ba su dawo gida ba. Da baƙo ne ya faɗi waɗannan da harshen baƙo, da an ce raini ne. Da yake da muryar gida aka faɗa, sai ya zama kamar maganar abokin wasa, irin ta Bafillace da Babarbare, mai zafi amma ba ta raba zumunci.

Gardama biyu

An yi wa wannan salo suka ta fuska biyu, kuma ya kamata mu faɗe su. Ta farko ita ce wadda muka ambata, cewa gurɓataccen Faransanci ne. Amsarta na hannun matan da ke tallar nono. Akwai bambanci tsakanin a zuba wa nono ruwa don a cuci mai saye, da a dama shi da fura. Na farko algus ne, na biyu abinci. Kuruma ya yi karatu mai zurfi a Faransa, ya yi shekaru yana rubuta rahoton ofis da Faransancin da ba mai gyara masa. Inda ya karya doka, da saninsa ya karya, kuma ya san iyakar da zai kai mai karatu bai ɓata ba. Wanda bai mallaki harsunan biyu ba, in ya gwada haka, shirme zai fito.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Mutane irin Fama da Salimata, waɗanda aka ari bakinsu, ba za su iya karanta littafin ba. Me ya hana a rubuta shi da Malinkanci gaba ɗaya? Ai tun 1949 wani malami mai suna Sulemana Kante ya ƙirƙiro wa harshen baƙaƙensa da ake kira Nko. Amma makaranta da maɗaba'a da kasuwar littafi duk na Faransanci ne, kuma da shi aka koya wa Kuruma riƙe alƙalami. A nan za mu ga bambanci da abin da ya faru a ƙasar Hausa ta gefen Najeriya, inda Ingilishi suka bar Hausa a azuzuwan farko, aka kuma kafa ofishin fassara da ɗab'i a Zariya. Can ne Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Shi ma gauraya ya yi, amma ta ɗaya hanyar. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fadar sarkin Hausa, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Imam ya shigo da kayan waje cikin harshen gida, Kuruma ya fita da kayan gida cikin harshen waje. Ba hali ne ya raba su ba, irin makarantar da kowanne ya samu ce.

Sauran littattafan

Kuruma ya yi shekara 20 bai sake fitar da ƙagaggen labari ba. Yana can yana aikin inshora, shekara goma a Yawunde ta Kamaru daga 1974, wasu goma a Lome ta Togo daga 1984. A 1990 ya fito da Monnè, outrages et défis. Kalmar farko ta sunan Malinkanci ce, tana nufin wani irin wulaƙanci mai cin rai, ya bar ta haka domin bai samo mata takwara a Faransanci ba. Labarin wani sarki ne, Jigi Keita, da zuwan Turawa garinsa. Wanda ya fi kowa ƙarfi a littafin shi ne tafinta. Ranar da sarki ya tsaya gaban hafsan Faransa ya yi masa maganar yaƙi, tafintan, wanda abokin wasan gidan Keita ne, ya ƙi juya maganar yadda take. Sarki ya tsira da ransa, gari kuma ya faɗa hannun Turawa ba a yi harbi ba. Duk wanda dillali ya taɓa tsayawa tsakaninsa da mai saye, suna magana da harshen da ba ya ji, ya san irin wannan iko.

A 1998 ya fitar da En attendant le vote des bêtes sauvages, inda ya ɗauko tsarin bikin maharban Malinke ya gina littafin a kai. Dare shida ake zama, maroƙin maharba na ba da tarihin wani shugaba mai mulkin kama-karya a gabansa, yaron maroƙin kuma na tsoma baki da wasa yana lissafa kashe-kashen da ya yi. Masu karatu ba su sha wuya ba wajen gane kamannin Eyadema na Togo. A 2000 kuma sai Allah n'est pas obligé, wanda ya ci babbar lambar Renodo ta Faransa. Yaro ne ɗan Malinke mai suna Birahima, da aka sa shi ɗaukar bindiga a yaƙin Laberiya da Saliyo, yake ba da labarinsa da ƙamus huɗu a gefensa, yana fassara wa 'yan Afirka manyan kalmomin Turawa, yana fassara wa Turawa kalmomin Afirka.

Abin da ya hango a labarin Fama kuwa bai bar ƙasarsa ba. A shekarun 1990 'yan siyasar Kodibuwa suka tayar da maganar wane ne ɗan ƙasa na asali. 'Yan arewa masu sunayen Malinke suka riƙa shan tambaya a shingaye, katin shaida ya yi musu wuyar samu, ana ce musu 'yan Mali ko 'yan Burkina. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga yaƙin da ya ɓarke a watan Satumba na 2002, ya raba ƙasar biyu. Kuruma na cikin rubuta littafi kan wannan yaƙi ya rasu a Liyon, ranar 11 ga Disamba, 2003. An buga abin da ya bari a 2004.

Da yawa daga cikin masu saurarenmu suna da 'ya'ya a makaranta, wasu na karatu da Faransanci, wasu da Ingilishi. Yaron zai dawo ruga hutu, ya ga shanun da ubansa ke kira kowace da sunanta, gwargwadon launinta da tsayin ƙahonta, alhali a littafinsa kalma ɗaya ce ta tattara su duka. In ya ɗauka cewa ta littafin ce ilimi, ta uban kuwa ƙauyanci, ranar da zai rubuta labarin gidansu da idon baƙo zai rubuta shi. Saboda haka a bar yaro ya iya harshen makaranta sosai, kada a rage masa komai, amma a riƙa zaunar da shi wurin hira da ciniki da tatsuniya har harshen gida ya nuna a bakinsa. Wanda kuma yake da ɗalibi a gefen da ake Faransanci, ya tambaye shi ko an karantar da su labarin Fama, ya sa shi ya ba shi da Hausa ko da Fillanci wani dare.